Minti Biyun Baba Silo

Allura ta riga ta shiga dasashi, leɓe ya fara nauyi, likitan haƙori yana jera ƙarafunansa a kan faranti, a lokacin ne Baba Silo ya tuna cewa yau bai je bayan mota ba.

Tun yana kan bencin jira yake ta mutsu-mutsu. Ya shafa aljihun dama ya ji makulli, ya shafa na hagu ya ji waya, ya taɓa kai ya ji hula. Komai yana nan, amma jikinsa ya ƙi yarda. Ya ɗora laifin a kan haƙorin da ya kwana uku yana hana shi sakat. Sai yanzu da zogin ya lafa, kai ya samu sarari, abin ya faɗo masa gaba ɗaya. Ya kashe bas, ya ja gilasai, ya kulle ƙofa, ya kama hanya, bai leƙa kujerun baya ba. Kuma duk juya safiyar nan da ya yi a ransa, ya ga shigar 'yar yarinyar nan Hajiya Ƙarama, bai ga saukarta ba.

Shekararsa goma sha ɗaya yana jan bas ɗin wata ƙaramar makaranta, yara ashirin da biyu safe da rana. Sunan da ake kiransa da shi ma a wurin kashe mota ya samo shi. Idan ya sauke yara a bakin get ya kai bas bayan sito, ba ya kashe ta nan take. Sai ya ja birkin hannu, ya cire giya, ya kashe fanka da rediyo, ya bar injin yana silo, yana juyawa a hankali mota na tsaye, minti biyu cur. Maigidansa da ya koya masa tuƙi ne ya ce masa injin gas da ya sha tafiya ba a yanke masa numfashi farat ɗaya, a bar shi ya huce. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne, Baba Silo bai taɓa tambaya ba, bai kuma taɓa fashi ba. Maigadi ya yi masa tsiya har ya gaji, malamai suka laƙaba masa sunan, yara suka ɗauka, har matarsa idan ya daɗe a bayi sai ta ce, "Malam, silo kake yi ne?"

To shi kuma mutum ne da ba ya iya zama haka kawai. Minti biyun nan sai ya tashi ya bi tsakanin kujeru har ƙarshe, yana duƙawa yana leƙe. Ba abin da bai tsinta ba: takalmi ƙafa ɗaya, gorar ruwa, fensir, haƙorin da ya fita aka naɗe a takarda. Sau uku kuma yaro ya tsinta yana sharar barci. Ba wanda ya ɗora masa wannan aikin, ba a rubuta shi a ko'ina ba. Anti mai raka yara ta daina ƙirga kawuna tun shekararta ta farko. Don me za ta wahalar da kanta, ga Baba?

Ranar Litinin shugabar makaranta ta kira shi ofis. An buɗe sabon ajin 'yan shekara biyu a ɗakin da ke jikin sito, tagarsa daidai bakin salansar bas, kuma a cikin yaran akwai mai ciwon asma.

"Baba, don Allah da ka tsaya ka kashe ta," in ji ta. "Hayaƙin nan kai tsaye yake shiga musu. Jiya sai da aka fita da yaron nan waje."

"Ranki ya daɗe, minti biyu ne fa."

"Na sani. Shi ma minti biyun yake tari."

Wa zai ga laifinta? Magana ce ta gaskiya, kuma cikin ladabi ta faɗe ta. Baba Silo ya yi gunaguninsa a hanya, ya ce za a kashe masa inji a banza, amma ya bi umarni. Talata ya kashe, ya zauna jim, ya tuna, ya je baya. Laraba ma haka. Yau Alhamis haƙori ya tashi da shi tun asuba, an ce ya zo asibiti takwas da rabi ko ya rasa layi. Hannu ya murɗa makulli, kunne ya ji shiru. Shekara goma sha ɗaya, idan injin nan ya yi shiru to an riga an duba baya, aiki ya ƙare. Ƙafa ba ta yi shawara da kowa ba, ta sauka abinta.

Ita kuwa Hajiya Ƙarama shekararta uku da 'yan watanni. Gidansu ne mafi nisa, ita ake fara ɗauka, tun ƙarfe bakwai saura. Shi ne ya laƙaba mata sunan saboda yadda take hawa mota a yangace, sai an gaishe ta kafin ta amsa. Kullum kujerar ƙarshe take nufa, ta yi filo da jakarta. Cikin sau ukun da ya tsinci yaro yana barci, biyu ita ce.

"Baba, buɗe baki sosai," in ji likita, ya matso da fitila. "Yanzu za mu rabu da shi."

Baba Silo ya ture hannun likita ya tashi zaune.

"A'a, ina zuwa kuma? Ai ba za ka ji komai ba, an kashe wurin."

"Yarinya," ya ce. Leɓen ƙasa ya ƙi bin harshe, miyau ya zubo masa a kan riga. "Yarinya a mota."

"Wace yarinya? Baba, kwanta mana, tsoro ne kawai. Manyan sojoji ma haka suke yi a kujerar nan."

Ya fizge ƙyallen da aka ɗaura masa a wuya, ya zura takalmi, ya fita. Agogon bangon ɗakin jira ya nuna goma saura kwata. Wato awa biyu ke nan. Ya san bayan siton nan kamar tafin hannunsa: katangar tana yi wa bas inuwa har wajen ƙarfe goma, daga nan rana ta haye ta, ta sauka a kan rufin. Da rana idan ya zo ɗaukar yara sai ya buɗe ƙofofi ya jira kafin ya iya taɓa sitiyari. Kuma ba mai bi ta wurin, sai shi.

A kan matakala ya kira shugaba. Waya a kashe. Ya tuna ta ce yau masu duba makarantu za su zo. Malamai kuwa wayoyinsu suna kulle a durowar ofis har a tashi, doka ce, shi da kansa ya sha yabon dokar. Ya kira maigadi, ta yi ta ringi har ta katse. Wannan bawan Allah kullum wayarsa tana shagon tsallake tana caji, kamar don shagon aka saya masa. Ya kira Anti mai raka yara, ta ɗauka cikin hayaniyar kasuwa.

"Baba? Ban ji ba, me ya samu bakinka?"

"Hajiya Ƙarama. Ta sauka?"

"Ta sauka mana." Sai muryarta ta sauya. "Ina jin ta sauka. Tsaya, tagwayen nan ne suka yi faɗa a bakin ƙofa, na riƙe su... Baba, ba ka duba ba ne?"

Ya ƙarasa sauka matakala yana waige-waigen tasi.

"Innalillahi! Baba, ba ka duba ba?"

"Kina ina?"

Tana can babbar kasuwa, ta fi shi nisa. Ya ce ta yi ta kiran maigadi kada ta daina, ya katse. Lambar uwar yarinyar tana cikin wayarsa, ya nemo ta, babban yatsa ya tsaya a kai. Ya ce mata me? 'Yarki ta zo makaranta kuwa? Shi da ya karɓe ta daga hannunta da safe? Shagon ɗinkinta ma yana can ƙarshen gari. Ya gaya wa kansa tayar mata da hankali ba zai ƙara komai ba. Gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Tsoro ne ya hana shi, kuma ya sani.

Tasi ta farko da ya tare ya faɗa ciki, ya faɗi unguwar, ya ce shata ce, kada a ɗauki kowa. Direban matashi ne mai surutu, ya dubi bakin Baba a madubi ya yi dariya.

"Baba, an cire ne ko gudowa ka yi?"

"Taka mota, ɗana. Don girman Allah taka."

Ya taka, ba laifi. Baba Silo ya zauna a bakin kujera, hannu ɗaya a kan ƙofa, ɗaya yana danna lambar maigadi. Ƙafarsa ta dama tana ta danna totur ɗin da babu shi. Ya shiga lallashin kansa. Wataƙila ta sauka lokacin da ya sunkuya yana neman katin asibiti. Ai ya sunkuya. Yarinya ce ƙarama, jakar wani ma tana iya kare ta. Ya rufe ido ya sake jera su: mai gilashin ido ya sauka, 'yan gidan mai kanti su uku, tagwaye da faɗansu, doguwar nan mai kuka kullum. Ya jera har ashirin da ɗaya. Ya sake daga farko, ya sake samun ashirin da ɗaya.

Suna kaiwa gangaren gada sai ya ji motar ta yi tsit. Ya buɗe ido. Direban ya kashe inji, ya saki mota tana gangarawa da kanta.

"Kai! Me kake yi haka?"

"Gangara ce, Baba, me za a ƙona mai a kai? Kullum haka nake yi."

"Birkinka fa? Sitiyarinka fa? Wane jahilin ne ya koya maka?"

"Au, ashe direba na ɗauko." Ya saka giya ya saki kuloci, motar ta yi tsalle ta tashi. "Ka gani? Ta san hannuna."

Baba Silo ya haɗiye abin da ya zo masa baki. Yau ba shi da bakin koya wa kowa kashe mota.

A babbar mahaɗa danja ta tsayar da su, layi uku, motoci bumfa da bumfa. Kafin Baba ya ankara, hannun yaron ya sake zuwa kan makulli.

"Kada ka..."

Ya riga ya kashe. "Wannan danjar minti uku take yi, na auna ta."

Goma da minti biyar. Baba Silo ya dubi inuwar turken fitila a kan kwalta, ta gajarce. Rana tana dukan gilashin tasi, cinyarsa ta fara zafi ta cikin wando, alhali duk tagogi a buɗe suke. Zufa ta keto masa. Ya tuna da hannunsa ya bi tagogin gaba ya ja su, har da ƙaramar ta gefen direba, saboda kwanaki wata kyanwa ta shiga ta haihu a ƙarƙashin kujera. Na baya kuwa dama a rufe suke kwana su wuni, don kada yara su miƙa hannu waje.

Danja ta ba da hannu. Direban ya murɗa makulli. Ƙyat. Ya sake. Ƙyat, ƙyat. Na baya suka dasa hon.

"Wallahi ba ta taɓa yi min haka ba," in ji shi, yana jijjiga makullin. "Kan batir ne. Baba, ɗan taimaka da turi, taku biyar kawai."

Baba Silo ya buɗe ƙofa ya fita, amma ba turi ya je ba. Ya ratsa tsakanin motoci, ya haye kan dakalin titi, ya sa gudu. Yaron yana kwala masa kira, ko waiwaye bai yi ba.

Rabonsa da gudu tun yana ɗan kamasho a tasha. Shekara sittin da ɗaya, ga tumbi, ga gwiwar da ke ƙara idan zai yi sujada. Hula ta faɗi ya bar ta. Takalmi ɗaya ya tsinke, ya cire duka biyun ya riƙe a hannu, sannan ya ga ba amfani ya yar. Masu shaguna suna leƙowa, wani ya ce ɓarawo aka biyo, wani ya ce a'a, tsohon ne ya zautu. Miyau yana dalala ta gefen bakin da ba ya ji. Bai kai ƙarshen layin masu gyaran waya ba ƙirjinsa ya ɗaure, ya dafa wata randar shara yana haki, yana jin kamar zai amayar da huhunsa.

Wani mai babur ya taka birki a gabansa. "Baba, lafiya? Wa ya biyo ka?"

"Yarinya... na kulle ta a mota... makaranta..."

Mutumin bai ƙara tambaya ba, Allah ya saka masa. "Hau! Nuna min hanya da hannu."

Suka bi ta lunguna, ta bayan gidan mai, ta cikin wani garejin da bakanike ya yi tsalle ya kauce yana zagi. Baba Silo, wanda ya yi shekaru yana tsine wa masu babur a kan ganganci, shi ne yau yake bubbuga kafaɗar mutum yana cewa ƙara wuta. Yana ta addu'a, amma ba ta zuwa a jere. Ya fara wannan ya faɗa waccan. A ƙarshe abu ɗaya ya rage a bakinsa: Allah ka sa ta sauka, Allah ka sa ni ne mahaukaci, a yi min dariya shekara guda, na yarda.

Maigadi yana ban ruwan fulawa a bakin get, hankalinsa kwance, ya ga Baba Silo ya diro daga babur ba hula ba takalmi.

"A'a! Baba Silo, haƙorin ne ya..."

Ya bangaje shi ya wuce. Ya zaga bayan ofis, ya wuce famfo, ya sha kwanar sito. Inuwa ta tafi. Bas tana tsaye tsakiyar rana, rufinta yana ƙyalli. Daga tagar sabon aji ana jin yara suna rera waƙar ƙirge, malama tana tafa musu.

Makulli ya ƙi shiga. Ya sake saita shi, ya tura da hannu biyu. Da ya ja ƙofar, zafin da ya bugi fuskarsa irin na bakin tanda ne, da warin roba.

"Hajiya! Hajiya Ƙarama!"

Shiru. Ya hau, ya bi kujeru, layi na ɗaya, na biyu, na uku, yana dafa su suna ƙona masa tafi. Kujerar ƙarshe ba kowa. Ba jaka, ba yarinya. Ya ce alhamdulillahi da ƙarfi, har wata dariya ta taso masa. Yana juyowa idonsa ya sauka a kan gilashin tagar baya. Daga ƙasa, daidai tsayin ɗan yaro idan ya tsaya a kan kujera, gilashin ya yi dabbare-dabbare da shatin 'yan yatsu.

Ya durƙusa. Tana ƙarƙashin kujera, ta kutsa can lungu inda ƙarfen ƙasa ya fi sanyi, ta jawo jakarta ta rungume. Ta cire takalma da safa ta jera su a gefe, yadda ake koya musu a aji. Gorar ruwanta a buɗe, ba ko ɗigo.

Ya jawo ta. Jikinta zafi rau, kitsonta ya jiƙe sharkaf, leɓɓanta sun bushe sun yi fari. Kanta ya langaɓe a kan hannunsa.

Shi dai bai san ya yi ihu ba, amma waƙar ƙirge ta tsaya cak. Ya tsinci kansa a bakin famfo, ya buɗe shi gaba ɗaya, ya tara ta a ƙarƙashi yana shafa mata ruwa a kai, a wuya, a hammata. Maigadi yana salati, malamai sun fito, wata tana kora yara su koma aji. Shugaba ta fito daga ofis da baƙinta a baya, ta ga abin da ake ciki, ta cire takalmanta masu tsini ta ruga ta tayar da motarta.

"Hajiya, tashi mana," yake cewa. "Hajiya, an iso makaranta. Ina kwana, Hajiya? Ina kwana?"

Yarinyar ta ja wani numfashi mai ƙara, ta yi tari, ta buɗe baki za ta yi kuka. Kukan bai fito ba, muryar ta riga ta ƙare.

Akwai ƙaramin asibiti layi biyu daga makarantar. A can aka karɓe ta daga hannunsa, aka shige da ita, aka bar shi a baranda da riga jiƙaƙƙiya da tafin ƙafa yana jini. Bai iya zama ba. Ya je ƙarshen baranda ya dawo, ya leƙa ta labule aka kore shi, ya zauna, ya miƙe. Wata nas ta kawo masa silifas na roba ta ce ya sa, yana ɓata musu tayil. Shugaba tana gefe tana waya da murya ƙasa-ƙasa, yana jin ta tana cewa, "A'a, ki kwantar da hankalinki, tana hannun likita. Ki dai zo."

Bayan kamar rabin awa likita ya fito yana goge hannu. Ya ce an sa mata ruwa, zafin yana sauka, ta buɗe ido ta gane mutane. Za su riƙe ta zuwa gobe.

"Wa ya ciro ta?"

Shugaba ta nuna Baba Silo.

"Ka yi ƙoƙari da ka sa ta a ruwa. Da an ƙara minti ashirin, da wani zancen muke yi."

Da likita ya koma, shugaba ta matso kusa da shi. Idonta ya yi ja, gyalenta ya karkace.

"Baba, ni na ce ka riƙa kashewa."

"Kin ce in kashe mota, ranki ya daɗe. Ba ki ce in bar duba yara ba."

"Ban san a lokacin kake dubawa ba. Wallahi ban sani ba."

"Ni ma ban san a jikin injin abin yake ba, sai yau."

Ta share hanci. "Idan uwar ta zo ka bar ni in yi magana. Ba ƙarya zan yi ba. Amma a bi ta a hankali, ka ji? Ba yau ba."

Ya samu wuri ya zauna.

Uwar ta shigo da gudu, tef ɗin awo yana rataye a wuyanta, zare a jikin zaninta. Yarinya ce ita ma, ba ta fi 'yarsa ta biyu ba. Ba ta ga kowa ba, ta faɗa ɗakin. Suna jin muryarta daga ciki tana kiran sunan 'yar, tana kuka, tana godiya ga Allah. Shugaba ta bi ta. Baba Silo yana jin guntayen maganar ta labule: an samu kuskure wajen saukar yara, za a bincika, Baba direba ne ya tuna, daga kujerar likita ya taso, da ƙafa ya yi gudu, dubi ko takalmi babu.

Labule ya ɗaga. Uwar ta fito, ta zo gabansa, ta zube a kan gwiwoyinta a tsakiyar baranda, ta kama hannunsa da hannu biyu.

"Baba, Allah ya saka maka da alheri. Allah ya raba ka da wutar lahira yadda ka raba 'yata da wannan. Ita kaɗai gare ni, Baba. Ba ni da bakin gode maka."

Hawayenta suna sauka a bayan hannunsa. Ta bayan kafaɗarta yana ganin shugaba a bakin ƙofa tana girgiza masa kai a hankali. Da zai yi shiru, ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

"'Yata, tashi," ya ce. "Tashi, kada ki durƙusa min."

"Bar ni, Baba."

"Ni na kulle ta."

Ta ɗago kai, ba ta gane ba.

"Ba wani ne ya yi kuskuren ba. Kullum ina dubawa, yau ban duba ba. Ni na ja gilasai, ni na sa makulli, na tafi cire haƙori. Tun goma saura kwata na tuna, lambarki tana hannuna, na kasa kiranki."

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta dube shi, ta dubi ƙafafunsa cikin silifas ɗin aro, ta sake duban fuskarsa. Hannuwanta suka saki nasa a hankali. Ta dafa bango ta miƙe, ta goge tafinta a zani.

"Da safe na ce maka ba ta yi barci sosai ba," ta ce. "Na ce a kula min da ita."

"Kin faɗa."

"Ka ce in sha Allahu."

"Na ce."

Daga cikin ɗakin wata 'yar murya ta taso, a shaƙe, da ƙyar ake jinta.

"Mama, Baba Silo ne? Ki ce masa na yi ta kiransa."

Ya yunƙura zai tashi. Uwar ta riga shi isa ƙofar, ta tsaya a ciki, bayanta gare shi.

"Ba shi ba ne," ta ce wa 'yarta. "Ya tafi gida. Kwanta."

Ta ja labulen har ƙarshe.